Wuta ta ɗauke ana cikin sabunta ruta, ta ƙi tashi: jefarwa za a yi ko gyara?

Wani ƙanenmu daga Tawa ya turo tambaya. Yana da ruta ƙirar TP-Link, TL-WR841N, wadda yake raba wa mutanen gida intanet da ita. Ya sauko da sabuwar manhajar ciki, ya danna sabuntawa, ana tsakiyar aiki kuran ya ɗauke. Da wuta ta dawo, sai fitilun su kunnu gaba ɗaya, su mutu, su sake kunnuwa, haka dai ba iyaka. Salula ba ta ganin wifi, ya danna maɓallin Reset har ya gaji, kuma wani mai gyara ya ce masa ya haƙura ya sayi sabuwa. Yana son ya sani ko da sauran dabara.

Ƙanena, kada ka jefar da ita, kada kuma ka bari kowa ya kai mata ƙarfen walda tukuna. Alamar da ka faɗa ta fitilu masu kunnuwa suna mutuwa ita ce ta kwantar mini da hankali, don na'urar da ta mutu murus ba ta yin haka.

A cikin rutarka akwai wani ɗan aisi, wato ƙaramar ƙwayar lantarki, mai ƙafa 8 da ke ajiye duk abin da na'urar ta sani. A tsofaffin fitowar wannan samfuri girmansa megabait 4 ne kacal, kuma an kasa shi uku. Kilobait 128 na farko na butloda ne, wato ƴar ƙaramar manhajar da ke fara farkawa idan an ba na'ura wuta, ta shirya komai sannan ta kira babbar manhaja. A irin taka sunanta U-Boot. Kilobait 64 na ƙarshe ana kiransa ART, nan aka ajiye ma'aunin rediyon wifi da aka gwada wa wannan na'ura ita kaɗai tun a masana'anta. Duk abin da ke tsakani shi ne babbar manhajar da ka je sabuntawa da saitunanta. Irin wannan aisi ba a rubutu a kan rubutu, sai an share sannan a rubuta. To kai wuta ta yanke maka bayan an share, kafin a gama rubutawa. Kamar mutumin da ya rushe ɗaki don ya sake gini ne, aiki ya tsaya masa a rabi, amma harsashi na nan daram. Butloda tana tashi, ta nemi babbar manhaja, ta tarar da rabi, ta kasa, ta sake farawa. Wannan kai-komon ne kake gani a fitilu. Shi kuwa Reset saituna kawai yake gogewa, kuma babbar manhaja ce ke sauraronsa. Tunda ba ta nan, ko kwana ka yi kana dannawa ba mai amsa maka, sai dai a daidai lokacin kunnawa, kamar yadda za ka gani a gaba.

Saboda haka aikin gaba ɗaya shi ne a samu hanyar magana da butloda, a miƙa mata cikakken fayil ta rubuta. Hanyoyin suna hawa-hawa, kuma ina roƙonka ka bi su daga mai sauƙi. Yawancin rutocin da suka zo hannuna suka ƙi gyaruwa, ba sabuntawar farko ce ta kashe su ba, gaggawar gyara ce.

Kafin komai duba caja. Yawancin fitowar wannan samfuri suna cin volt 9, amfiya 0.6, na taka an rubuta a jikinta. Zafin Tawa a watan Afrilu da Mayu yana dafa kayan cikin waɗannan ƙananan cajoji, ga hawa da saukar kuran idan an dawo da wuta. Caja mai rauni tana sa ruta ta riƙa tashi tana faɗuwa daidai yadda ka kwatanta, ko da manhajarta lafiya lau. Ari wata mai volt ɗaya da baki ɗaya ka gwada. Kada ka soka mata ta volt 12 don ka ga bakin ya shiga.

Sai ka kifa na'urar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Za ka ga Ver da lamba a gabansa. Ba ka faɗa mini wannan lamba ba, alhali ita ce rabin maganar. Sunan TL-WR841N ɗaya ne, amma cikin ya sha bamban: fitowa ta 9 zuwa ta 11 suna da ƙwaƙwalwar Qualcomm Atheros, ta 13 da ta 14 kuwa ta MediaTek ce. Fayil ɗin wannan ba ya tada waccan. Akwai kuma na Turai da na Amurka, za ka ga EU ko US a jiki. Tunda kayanmu daga ko'ina suke shigowa, wani ta Konni, wani ta Yamai, wani ma ɗan'uwa ne ya riƙo daga waje, maƙwabta biyu na iya riƙe ruta mai suna ɗaya da ciki daban. Ka koma shafin kamfanin ka sauko da fayil na lambarka da yankinka. Yakan zo a ƙunshe cikin zip, sai ka kwance ka fito da wanda ya ƙare da .bin. Idan rezo na yankewa lokacin saukewa, ka sake saukewa, kada ka yarda da fayil ɗin da zip ɗinsa ya yi gardama wajen buɗewa.

Yanzu ga hawa na farko, ƙofar da nake sa ran za ta fisshe ka. TP-Link ta sa wa butlodar yawancin rutocinta wata dabara: idan aka kunna na'ura ana danne da Reset, sai ta leƙa ta kebul ta nemi wata kwamfuta mai takamaiman adireshi, ta roƙi fayil mai takamaiman suna ta hanyar TFTP, in ta samu ta rubuta da kanta. TFTP tsohuwar hanyar aika fayil ce mai sauƙin gaske, ba suna ba kalmar sirri, tana bi ta ƙofa ta 69 ta UDP. Kwamfutarka ce za ta zama mai bayarwa, ruta mai karɓa.

Ka samu kwamfutar tafi-da-gidanka mai ramin kebul da batir mai riƙe wuta. Kashe wifinta. Haɗa kebul daga gare ta zuwa ɗaya daga ramukan LAN, ba ramin WAN mai launi daban ba. A Windows ka danna maɓallin tambarin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl. Tunda kwamfutocinmu galibi da Faransanci suke, ka shiga Propriétés na katin Ethernet, ka zaɓi Protocole Internet version 4, ka sa adireshi da hannu: 192.168.0.66, a gurbin Masque de sous-réseau kuma 255.255.255.0, sauran ka bar su fayau. Wannan 66 ɗin ba zaɓina ba ne, shi butloda take nema. Wasu samfuran kamfanin 192.168.0.225 suke nema. Sai ka sauko da ƴar manhajar Tftpd64, kyauta ce, ka buɗe jaka guda ka sa fayil ɗinka a ciki, ka nuna mata jakar, ka kuma zaɓi katin da ke ɗauke da adireshin nan.

Sunan fayil shi ne inda mutane suka fi faɗuwa. Fitowa ta 9 tana neman wr841nv9_tp_recovery.bin, ta 13 kuwa tp_recovery.bin kawai take so. Harafi ɗaya ya kuskure, ba za ta ɗauka ba. Windows kuma tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai mutum ya ƙara .bin a kan wanda ke akwai, sunan ya koma .bin.bin bai sani ba. Ka buɗe nunin ƙarshen suna ka tabbatar da idonka. Wani abu kuma, wasu fitowar suna karɓar fayil ɗin kamfani yadda yake, wasu sai an yanke masa ɗan kai na farko. Shafin OpenWrt, wata manhajar ruta ta kyauta da ake sawa a madadin ta kamfani, yana da bayani na kowane samfuri da lambar fitowarsa, ka karanta na taka kafin ka aika komai, ko da ba OpenWrt za ka sa ba. Abu na ƙarshe, ka kashe Pare-feu, wato katangar tsaron Windows, da duk wata rigakafin ƙwayar cuta na ɗan lokaci, domin su ne ke toshe roƙon ruta a ƙofa, kai kana zaune kana zargin na'ura.

Tsaya nan kafin ka kunna. Abin da za ka yi yanzu shi ma rubutu ne a kan aisin nan, kuma wasu fayilolin kamfani suna ɗauke da sabuwar butloda a ciki, za ka ga kalmar boot a sunansu. In wuta ta sake yankewa a daidai lokacin da ake taɓa wannan yanki, ƙofar da muke bi yanzu ta rufe. Don haka kada ka dogara da kuran gari. Ka jona cajar a ondila, ko ka je gidan da ke da sola da batir cike. In duk babu, ka bari sai lokacin da ka san wutar unguwarku ta fi zama, ba tsakar rana a bazara ba. Aikin bai fi minti 5 ba, bai kamata a yi caca da shi ba.

Cire wutar ruta. Danne Reset da tsinke, kana danne ka mayar da wuta, ka ci gaba da dannewa kamar daƙiƙa 8 zuwa 10, ko har fitilar WPS mai alamar makulli ta kama. Idonka na kan Tftpd64. In an dace za ka ga fayil ya wuce cikin ƙiftawar ido. Saki maɓalli, ka janye hannunka gaba ɗaya. Wucewar fayil ba ita ce gamawa ba, yanzu ne take sharewa tana rubutawa. Ba ta minti 3 zuwa 5, za ta sake tashi da kanta.

Idan ba abin da ya motsa, kada ka yanke ƙauna, don sau da yawa matsalar lokaci ce. Butloda tana jira na ƴan daƙiƙoƙi ne kawai, ita kuwa Windows takan ɗauki lokaci kafin ta gane an soka kebul, kafin ta shirya an wuce wurin. Maganinsa a sa ɗan suwic, wato akwatin raba kebul mai ramuka da yawa, a tsakani, ko wata tsohuwar ruta da aka kashe wa DHCP, wato aikin raba adireshi, domin kwamfuta ta riƙa ganin kebul a raye kullum. Ka gwada sauran ramukan LAN, ka canza kebul. Dabarar da na fi so kuwa ita ce Wireshark, manhajar kwamfuta da ke nuna duk saƙon da ke bi ta kebul. Ka buɗe ta a kan katin Ethernet, ka rubuta arp or tftp a wurin tacewa, sannan ka kunna ruta da Reset a danne. Za ka ga na'urar da bakinta tana tambayar wa ke da adireshi kaza. Ka ba kwamfutarka wannan adireshi ka sake, sai ka ga sunan fayil ɗin da take roƙo a rubuce. Daga nan babu sauran kintace. In kuwa ba ta ce uffan ba a kowane rami, mai yiwuwa fitowarka tsohuwa ce da ba a sa wa wannan ƙofa ba.

Ga masu karatu da ke da wasu ƙirar, dabarar ɗaya ce, ƙofofin ne suka bambanta. ASUS tana da yanayin ceto: a kunna da Reset a danne har fitilar wuta ta riƙa ƙiftawa a hankali, a aika fayil da manhajarsu ta Firmware Restoration. D-Link da yawa suna buɗe ɗan shafin gaggawa a 192.168.0.1. Netgear akwai nmrpflash. Wasu Linksys suna ajiye manhaja biyu, in aka katse musu tashi sau 3 a jere sai su koma ɗayar. Masu sayar da wifi a unguwa da ke aiki da MikroTik, naku Netinstall ne, galibi ta ramin farko. Wanda kuma ya sa OpenWrt ya ɓata saiti kawai, nasa bai kai nan ba: ya danna maɓalli lokacin da fitila ke ƙiftawa da sauri wajen tashi, ya shiga 192.168.1.1 ta SSH, hanyar ba na'ura umarni a rubuce daga kwamfuta, ya rubuta firstboot. Shawarar nan ta danne Reset daƙiƙa 30 sau uku da ke yawo, ta zamanin tsofaffin rutocin Broadcom ce, ba abin da za ta yi maka.

Hawa na biyu sai an buɗe murfi, kuma in tana da garanti, buɗewa na kashe shi, sai ka fara komawa inda ka saya. A kan allon akwai ramuka ko ɗigo 4 a jere: wuta, ƙasa (GND), TX mai aikawa da RX mai karɓa. Nan ne butloda ke faɗin duk abin da take yi. Ana buƙatar ɗan adafta daga USB zuwa siriyal mai volt 3.3, irin masu CP2102 ko CH340. In babu a Tawa, masu kayan lantarki a Yamai sukan samu, a sako maka a mota. Waya uku kawai ake haɗawa: ƙasa da ƙasa, TX na adafta zuwa RX na ruta, RX zuwa TX. Ta huɗu, ta wuta, ba a taɓa ta sam, ruta za ta ci daga cajarta. A gano ƙasa da mita kafin a haɗa, kuma kada a kuskura a yi amfani da tsohon kebul ɗin siriyal na kwamfuta, wutarsa ta fi ƙarfin allon. A kwamfuta a buɗe manhajar PuTTY, a zaɓi Serial, gudu 115200. Kana ba ta wuta rubutu zai fara zuba. In tarkacen alamomi ka gani, gudun ne bai yi daidai ba ko ƙasa ba ta kama ba. In shiru ne, juya TX da RX.

A fitowar Atheros, da ka ga layin Autobooting in 1 seconds sai ka yi wuf ka rubuta tpl, butloda ta tsaya ta saurare ka. Rubuta printenv ka ga adireshin da take tsammani, ka ba kwamfuta shi. A mai megabait 4 umarnin uku ne: tftpboot 0x80000000 da sunan fayil, sai erase 0x9f020000 +0x3c0000, sai cp.b 0x80000000 0x9f020000 0x3c0000. Dubi lambobin da kyau. Aisin yana farawa a 0x9f000000, mu kuma mun fara sharewa daga 0x9f020000, wato mun tsallake kilobait 128 na butloda, tsawon kuma ya tsaya saura kilobait 64 ya kai ART. Kuskuren lamba ɗaya a nan yana share abin da muke kiyayewa tun farko. Idan fayil ɗin kamfani mai boot a suna ne, dole a yanke masa bait 131584 na farko, wato 257 sau 512, kafin a rubuta shi a wannan wuri. Waɗannan lambobi na wannan tsari ne kaɗai, kada wani ya kwafa ya kai wa wata na'ura. A fitowar MediaTek kuwa hanyar tsayar da butloda da lambobin duk sun sha bamban.

Hawa na uku na wanda butlodarsa ta tafi ne: fitilu a kafe ba motsi, siriyal shiru. Nan sai a yi wa aisin rubutu kai tsaye da na'ura irin CH341A. Masu gyaran salula a kasuwa suna da iska mai zafi da hannun da ya saba, su za ka kai wa su ɗaga aisin. Ana iya kama shi da matsi a kan allo, amma karatun yakan fito da kuskure domin sauran allon na jan wuta. A kula kuma, yawancin baƙaƙen CH341A na kasuwa suna fitar da volt 5 a layukan bayanai alhali aisin na 3.3 ne, a auna kafin a ɗora.

Abin da zan nanata maka a nan, ka tsaya a kan mai gyara sai ya yi shi: kafin a share komai a karanta aisin sau biyu, a gwada karatun biyu sun zo ɗaya, a ajiye a wuri biyu. Ko manhajar ta lalace, ART ɗinka na ciki, haka ma lambar MAC, wato lambar shaidar na'urarka a kan rezo, wadda a tsofaffin TP-Link take zaune a ƙarshen yankin butloda. Abin da masu gaggawa ke yi shi ne su sauko da kwafin aisin wani daga intanet su shafe naka gaba ɗaya. Na'ura za ta tashi, kowa ya yi murna, amma wifin ya zama mai rauni ko mai yankewa, don ma'aunin rediyon wata na'ura aka ɗora mata, naka kuwa ya tafi, babu shafin da za ka sauko da shi. Yadda ya dace, a ɗauki butloda da babbar manhaja daga ƴar'uwarta mai lamba ɗaya, a mayar da ART da MAC naka a gurbinsu, sannan a rubuta.

Gaskiya idan abin ya kai hawa na uku, ka yi lissafi. Wannan ruta ba mai tsada ba ce, kuɗin kayan aiki da na mota da na mai gyara na iya kamo kuɗin sabuwa. Wanda ke son koyon sana'a, babu makarantar da ta fi wannan, kuma kayan za su yi masa aiki a gaba. Wanda intanet ɗin gida kawai yake so ya dawo, ba laifi ya tsaya a hawa na biyu. Kada kuma ka yi sha'awar ɗora sabon OpenWrt a kan mai megabait 4 da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32, sun daina tallafa wa irinsu bayan fitowar 19.07. Manhajar kamfani ta ishe ta.

Akwatunan 4G masu cin sim da kamfanonin waya ke sayarwa, irin na Huawei da ZTE, wannan bayani bai shafe su ba. Mutane kan yi musu filashin don su karɓi kowane sim, su lalace a hanya. Cikinsu akwai IMEI, wato lambar shaidar akwatin, da ma'aunin rezo da ba a son a rasa, gyaransu kuma ta USB ake bi da wasu kayan aiki daban. In akwatin na da garanti, a mayar da shi ajans ɗin da aka saya.

Idan taka ta tashi, ka koma ncpa.cpl ka mayar da adireshi ya zama na kai-tsaye, ka kunna Pare-feu da ka kashe. Buɗe Invite de commandes ka rubuta ping 192.168.0.1, in ka ga Réponse de da TTL=64, babbar manhaja ta hau. Yanzu Reset zai yi aiki, ka danne shi sau ɗaya don tsofaffin saituna su fita, ka shiga shafinta ka sa sabuwar kalmar sirri ta shiga da ta wifi. In kuwa ta ƙi, turo mini hoton takardar ƙasanta inda Ver yake, da cikakken sunan fayil ɗin da ka fara sakawa, da abin da Wireshark ta nuna lokacin da ka kunna. Da waɗannan uku zan gaya maka adireshi da sunan fayil ɗin da taka take nema, da ko sai an buɗe murfi.